Rasuwar Karkanda da Jerin Waɗanda Ake Zargi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda zargi ya samu wuri ya raɓa a gefenta, Safiyo mai ritaya ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar jif ɗinsa, wadda aka fi sani da Karkanda. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan jak, a rumfar bayan gidansa, tana da shekara hamsin da ɗaya, bayan jinyar shekara huɗu.

Marigayiyar gado ce daga mahaifinsa, mai haƙar rijiyoyi, kuma duk wanda ya san ta zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa tambayar ina hanya take ba. Ta hau dutse, ta keta rafi, ta jawo motocin da suka fi ta kyau daga taɓo ba ta yi musu gori ba. Da safe sai ta yi tari uku, "kyahu, kyahu, kyahu," sannan ta ce "gurrr-dum-dum-dum," maƙwabta su tashi ko ba su shirya ba. Ƙofarta ta hagu ba ta rufuwa sai an yi mata magana da kafaɗa.

Jinyar ta faro ne daga alkawari. Yaya Babba, yayar Safiyo, wadda ciwon gwiwa ya fara zaunar da ita, ta roƙe shi abu ɗaya: ya kai ta tsohuwar gonar babansu ta bayan dutse, inda in ba Karkanda ba babu motar da ke zuwa, tun tana iya hawa mota. Ya ce an gama. Sai ya ƙara da nasa, wanda ba wanda ya roƙe shi, cewa zai fara mayar da motar yadda baba ya sayo ta, noti da noti, har da koren fentinta na asali.

To Safiyo ya yi shekara talatin yana awon filaye, ya ga yadda dutsen iyaka ke yin ƙafa, don haka ko inuwarsa sai ya waiwaya ya duba ta. Dillalin kayan mota ya kawo kafireto, ya rantse na asali ne; Safiyo ya shinshina, ya ce ƙamshin wankin kananzir yake ji. Aka kawo lagireto, ya zaro tef ya auna. A garejin bakanike kuwa akwai wata jif irin tasa, kuma ya lura Karkanda na ramewa, waccan na yin kumatu. Nan take ya sa aka jawo tasa gida. Tun daga nan bakanike a gabansa yake aiki, kowane noti da ɗigo uku na shaida a kansa, in zai tafi kuma a zazzage aljihu.

Sai maganar fenti, kuma a nan masu ta'aziyya za su yi haƙuri da tsawon bayani. Safiyo ya kankare jikin motar da hannunsa har ƙarfe ya fito fes, don ya tabbatar ba a ɓoye masa komai a ƙarƙashi ba. Mai fenti ya ce a fesa jan fentin shimfiɗa a ranar, wanda ke tsare ƙarfe daga tsatsa. Safiyo ya yi murmushin wanda ya gano makirci. In an rufe ta da ja, ta yaya zai gane ranar da aka musanya masa ƙofa?

Koren baba ya saura a wuri ɗaya, faɗin tafin hannu, a ƙarƙashin sitiyari. Mai fenti ya yi ta haɗa kore yana shafawa a guntayen kwano, har ashirin da biyu. Wani ya cika ganye, wani kamar bangon asibiti, wani Safiyo ya ce an tsinka shi. Ana haka damina huɗu ta wuce. Rumfa na yoyo, bai kira kafinta ba don kada ya hango kayan da ke ciki daga sama. Ya lulluɓe ta da tamfol, danshi ya samu gida. Yaya Babba takan aiko a tambaya, yakan ce saura ƙiris.

Ranar Talatar komai ya kammala. Mai fenti ya zo da kore na ashirin da uku, aka ɗauko Yaya Babba a kujera, ta duba ta ce shi ne. Safiyo ya yarda, a karon farko cikin shekara huɗu. Aka ɗaga motar za a ɗaura tayoyi, sai ta ce "ƙarrr," ta ɗan yi shiru, ta ce "ƙas." Ƙashin bayanta ya rabe biyu, tsatsa ta zubo kamar gari. Bakanike ya sa yatsa a ƙarfen, yatsan ya fita ta ɗaya gefen.

Mai fenti ya goge hannunsa, ya ce a hankali, "Maigida, wannan koren daga gwangwanin farko na ɗebo shi." Yaya Babba ta ce a mayar da ita gida. Safiyo bai ci abinci ba ranar, kuma ya yi kuka, ko da yake ya ce ƙurar tsatsa ce.

Marigayiyar ta rasu ta bar kafireto guda, lagireto da aka auna sau tara, tayoyi biyar da ba su taɓa taka ƙasa ba, kwalabe goma sha biyu na noti masu ɗigo uku, da uwargidan Safiyo, wadda ta nuna juriya mai ban mamaki har ta fara share ɗakin ajiyarta.

Safiyo na so a sani cewa bai ɗauki wannan mutuwa ta Allah da Annabi ba. Ya rubuta jerin mutum biyar: dillali, bakanike, mai fenti, mai sayar da tamfol, da maƙwabcin da ke ban ruwan shukokinsa jikin katanga. Jiya ya kai wa Yaya Babba takardar don ta nuna wanda ta fi zargi. Ya tarar likita ya hana ta hawa kowace mota mai tsalle, daga yanzu har illa masha Allah. Ta karanta, ta ce, "Auta, miƙo min biro."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a rumfar bayan gida, inda 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo da wutar yanka. Kafin nan mai fenti zai fesa mata koren, don Safiyo ya ce ba za ta tafi tsirara ba. Ana roƙon masu ta'aziyya su bar sifana a bakin ƙofa, masu sha'awar tayoyin kuma su bari a share makoki. Jerin zai kasance manne a jikin rumfa. Masu zuwa za su ga suna na shida a can sama, da rubutu mai ɗan rawa. Safiyo ya san hannun, ya san mai sunan, don kullum yana ganinsa a madubi, kuma shi da kansa ya manna takardar.