Dutsen Manya a Gindin Tsamiya

A wani daji da rana ba ta yi wa kowa alfarma, akwai wata tsamiya guda, ita kaɗai ke da inuwar kirki. Da can in bazara ta yi, kowace dabba takan zo ta raɓa inda ta samu, a yi hira har la'asar. A jikin saiwar gabas kuwa wani tsohon kunkuru ke zama, Baba Nomau, wanda ya fara kwanciya a wurin tun tsamiyar ba ta fi shi tsawo da yawa ba.

Zomo ne ya fara kawo abin, kuma ba da mugun nufi ba. Ƙishirwa ta kama shi, ya ajiye ɗan dutse inda yake kwance, ya ce a duba masa wuri. Ya dawo ya tarar ba wanda ya taɓa. Washegari kowa ya zo da nasa. Da yake inuwa tana juyawa, sai aka ga ashe dutse ɗaya ba ya isa, dole a yi na safe a yi na yamma. Daga nan aka shiga kama wa 'ya'ya wuri, da surukai, da baƙon da aka ce zai zo baɗi. Kafin a ankara inuwa ta cika da duwatsu, masu su kuwa suna tsaye a rana daga gefe, domin daga nan ne kaɗai mutum zai iya ganin duk duwatsunsa lokaci guda.

Duk wannan ya faru Baba Nomau ba ya nan. Ya tafi ta'aziyya hayin rafi, kuma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ya dawo a tsakiyar bazara, ƙoƙon bayansa ya fara tsagewa don zafi, ya tarar da duwatsu reras har jikin saiwarsa. Shi ya san kansa: in ya yi sauran bazarar nan a rana, ba zai ga damina ba.

Majalisar Inuwa ta zauna a kan ƙararsa, a rana, saboda ba wurin zama a inuwar. Gwanki ne shugaba.

Baba Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo da rigima ba. Tun muna yara ake cewa in mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Ni ko tabarmar ban gani ba, duwatsu na gani. Ban ce a kwashe na kowa ba. A ɗan matsa guda biyu in sa haƙarƙarina."

Dila ya miƙe yana share gumi. "Ranka ya daɗe, Baba Nomau ubanmu ne, ba mai musun wannan. Amma ina dutsensa? In yau aka ba shi wuri don kawai yana buƙatarsa, gobe duk mai jin zafi zai zo ya ce a ba shi inuwa. To ina za mu sa duwatsunmu? Mun sha wuya kafin mu kawo wannan tsari. Dubi yadda muke ƙonewa a kansa."

Aka yi ta gyaɗa kai. Gwanki ya daɗe yana kallon ƙasa, domin a bayan wannan tsoho ya koyi tsalle yana ɗan maraƙi. Amma ya riga ya yi shela tun farkon bazara cewa inuwa ta dutse ce, kuma magana zarar bunu ce. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba dutse, ba wuri. Kuma an rufe karɓar sabon dutse sai baɗi."

Tsohon ya juya ya kama hanya, abin gwanin ban tausayi. Maƙwabciyarsa Tabawa, wata bushiya mai bakin tsiya da zuciya mai kyau, ta bi shi.

"Baba, ka ji abin da suka ce kuwa? Mai numfashi suka hana. Kai da Allah ya yi maka rufin asiri a baya, me kake jira? Gobe da sassafe ka je saiwarka, ka shigar da kai da ƙafafu, ka bar mini sauran."

Da hantsi dabbobi suka zo gadi, suka ga wani ƙaton dutse mai zane a jikin saiwar gabas. Aka tambayi Tabawa na wane ne. Ta rage murya ta ce, "Ni dai ba a bakina ba. Amma kun taɓa ganin talaka da dutse mai zane?" Nan take wasu suka ce na Zaki ne, wasu suka ce ai sai Giwa. Masu duwatsun da ke kusa suka janye nasu da kansu, don kada a ce sun matsa wa manya.

Dila kuwa hancinsa ba ya ƙarya. Ya zagaya dutsen, ya shinshina, ya tsaya cik. Ya waiga hagu da dama, sannan ya sunkuya ya ce a hankali, "Baba, an tashi lafiya?"

Daga ciki aka ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Ya zafi?"

Dila ya ɗaga kai ya daka tsawa, "Dutsen manya ne! Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi!"

Da azahar sai ga Gwanki da ruwa a ƙwarya, wai bai kamata dutsen manya ya yi ƙura ba. Ya zuba a hankali, daidai inda baki zai iya kaiwa. Zomo ya riƙa mantuwa da ganyen yaɗiya a wurin kullum. Kowa ya sani, kowa kuma yana zaton shi kaɗai ya sani, yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kada doka ta ji kunya. Haka Baba Nomau ya ƙare bazararsa a inuwa, har ya yi 'yar ƙiba.

Ranar da aka yi ruwan fari, dutsen manya ya fito da kai da ƙafafu huɗu, ya nufi rafi a gaban kowa. Sai aka ga duk majalisa ta duƙufa kallon hadari.

A zaman da ya biyo baya, Gwanki ya gode wa jama'a bisa biyayya, ya kuma sanar da cewa a duk bazarar nan ba a sami mai rai ko ɗaya da ya shiga inuwa ba.