Rasuwar Rediyon Bas Ɗina, Da Faifan Inna A Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Muntari Gwadabe, direban farar bas ɗin nan mai kwasar ma'aikata daga Kumbotso zuwa Challawa da Sharada, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da fasinjoji rasuwar rediyon motata mai cin faifan sidi. Ya cika ranar Talata da rana tsaka, a ƙofar wani kamfanin kwali da ke Sharada, bayan doguwar jinya. Ya rasu da faifai a cikinsa. Wannan faifan ne ya sa sanarwar ta yi tsawo, saboda haka a daure a karanta har ƙarshe.

Marigayin ɗan asalin ƙasar waje ne. Wani Bature ne ya ci ƙuruciyarsa, sannan ya shigo mana ta Kwatano da ɗan sauran ƙarfinsa, kamar yawancin abubuwan da muke taƙama da su. Duk da haka bai taɓa yi mana girman kai ba. Da safe ya yi wa'azi, da yamma ya yi kiɗan Indiya, bai taɓa tambayar yadda aka yi mutum ɗaya yake son duka biyun ba. Ya ɗauki ma'aikatan kamfanin fata da warin da ke jikinsu, bai toshe hanci ba. A shekarun nan da kamfanoni ke ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ne a bas ɗin da bai taɓa jin tsoron sallama ba. Ranar da aka rufe wata masaƙa, magidanta suka shigo da takardunsu a hannu, na ƙure masa murya, ya yi ta kiɗa har Kumbotso don kada wani ya ji kukan wani. Wallahi wannan kaɗai ya isa a tuna da shi.

Mai gaskiya ne kuma. In ya kasa karanta faifai ba ya kame-kame, sai ya rubuta a goshinsa da Turanci cewa babu komai a cikinsa, ko da kuwa kai ka tura faifan da hannunka kana kallo.

Lafiyarsa ƙalau muddin ana ba shi faifan kamfani. Ciwo ya faro ne daga lokacin da Sagir ya sayi kwamfuta ya buɗe shagon ɗura waƙa a bakin titin Sharada. Sagir, Allah ya shirye shi, yana sayo fayafayan nan marasa suna waɗanda in ka ɗaga su sama kana hango rana ta cikinsu, kuma yana ɗura musu waƙa da gudun ƙarshe don kada a ɗauke wuta yana tsaka da aiki. Daga nan kowane fasinja ya zama mai faifai. Kowa ya shigo sai ya miƙo nasa, ya ce direba a saka mana. Marigayin ya karɓa, ya juya, ya ce ƙirr, ƙirr, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya tofo. Wanda ya daure ya haɗiya kuwa, da mun faɗa rami a hanyar Challawa sai mawaƙi ya kama in'ina. A hanyar kuma, kowa ya sani, ramukan sun fi kwaltar yawa.

Ba za a ce ba a nema masa magani ba. Likitoci dai sun yi yawa. Akwai masu huci a kan faifai su goge da gefen riga, rigar da ta yini a ɗakin inji. Akwai wanda ya rantse da makilin. Wani ya ce a kwanar da faifai a firij tare da ruwan leda, wai sanyi na daidaita waƙa. Jummai ta kamfanin alewa takan riƙe nata da yatsu duk sukari, in ya ƙi yi ta ce rediyon ne ba ya son mata. Wasu kuma maganinsu ɗaya ne, duka, su kai wa marigayin mari a fuska kamar su suka saye shi. Malam Idi mai gyaran rediyo ya sha faɗa cewa a sami faifai mai kyau, a ɗura a hankali, a rufe shi yadda ya kamata, a rubuta suna da alƙalamin maka, a raba shi da rana. Da aka kai wa Sagir maganar sai ya ce shi ba ya da lokacin rarrashin faifai.

Yanzu ga maganar faifan da ke cikin marigayin.

Mahaifiyata, Inna Uwani, tana ƙauyenmu can ƙasar Gumel. Ba ta rubutu, kuma a lokacin waya ba ta kai can ba. In tana da saƙo sai ta sa a aro mata rikoda, ta zauna a tsakar gida ta yi mini magana a kaset, a ba direban kasuwa ya kawo mini Kano. Kaset ɗin ƙarshe ya iso, ba a jima ba ita ma ta tafi. Da na ga kaset yana neman zama tarihi, na ɗauka na kai wa Sagir ya juye mini a faifai. Na sayo mai kyau da kaina, na tsaya a kansa kamar mai gadi har ya ɗura a hankali, yana ta tsaki. Kaset ɗin da na ce zan dawo in karɓa, da na koma sai na tarar ya naɗi waƙoƙin bikin wani a kai, wai ai an riga an juye. Wanda ya rage a kwamfutarsa kuma ya tafi ranar da ta kamu da ciwo ya wanke ta tas. Ya zama muryar Inna ba ta ko'ina a duniya sai a kan wannan faifan.

A yi wa marigayin adalci: wannan faifan bai taɓa tofo shi ba. Kullum da safe kafin in fara ɗaukar mutane nakan saka. Ka ji kaji na kuka a bayanta, ka ji ta gyara murya, sannan ta ce, "Muntari, kana cin abinci kuwa?" In na taka rami sai ya maimaita: "kana cin abinci, kana cin abinci, kana cin abinci kuwa?" Ban taɓa jin haushin wannan in'inar ba, don ita ma haka take tambaya tana raye.

Ajali ya zo ta hannun masoyi. Zakariyya, mai zaman gidan gaba, aikinsa a kamfanin kwali shi ne liƙa takarda a jikin katan tun safe har a tashi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana wannan aikin, in ya ga abu ba takarda a jikinsa sai ya ji kamar tsirara yake. Ya ga faifan Inna cikin na waƙoƙi babu wata alama, ya ji tsoron kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Sai ya zo da takarda daga wurin aiki, da gam ɗinsu na kamfani wanda ke riƙe katan daga Kano har Agadas, ya rubuta Inna da kyakkyawan rubutu, ya liƙa, ya danne da tafin hannu irin na gwanaye. Masu yaɗa cewa har godiya na yi masa a lokacin, su ji da abin da ke gabansu.

Ranar Talata ina jiran masu aikin safe su tashi, mota ta sha rana, ƙarfe ko'ina kamar tanda, sai na ji kewa ta taso mini, na saka faifan. Kaji suka yi kuka. Inna ta tambayi abinci. Ta kai inda take cewa, "In ka tashi zuwa gida," sai marigayin ya ce ƙirr, ya ce ƙat, warin gam ya cika motar, fitilar goshinsa ta mutu. Na danna, na roƙa, na kira shi da sunaye masu daɗi. Ko motsi. Zakariyya ya fito ya tarar da ni, ya kawo shawarar a zura wuƙa. Kallon da na yi masa ya sa ranar a kan acaɓa ya koma gida.

Marigayin ya bar lasifika biyu, ɗaya ta daɗe da dishewa. Ya bar rimot da ya ɓace a ƙarƙashin kujera tun bara, da eriya mai karyayyen wuya, da marayun fayafayan Sagir cike da leda, waɗanda ko a ɗora kofin shayi ba su da amfani. Ya kuma bar bas guda na fasinjoji da yanzu dole su saurari juna, abin da ya jawo faɗan siyasa tun washegari.

Za a buɗe cikin marigayin ranar Asabar bayan la'asar a rumfar Malam Idi. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne. Malam Idi ya ce bai yi mini alkawari ba, domin muryar tana kwance ne a ƙarƙashin fatar faifan da aka liƙa wa takardar, in gam ya ɗago fatar to ya ɗago da ita. Bayan an gama, za a sa gawar a buhun tarkacensa, kuma ana roƙon 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe kada su riga mu zuwa. Ana karɓar gaisuwa a cikin bas, safe da yamma. Kada kowa ya kawo faifai da sunan gudummawa. Sagir zai iya halarta daga tsallaken titi. Zakariyya ma zai iya zuwa, na san don Allah ya yi, amma hannuwansa su zauna a aljihu.

Abin da Inna ta ce bayan "in ka tashi zuwa gida" na haddace shi, ba wani babban abu ba ne, sabulu take so da ganyen shayi. Kalmomin suna nan a kaina. Muryar ce tun ranar Talata nake ƙoƙarin tunowa, kullum tana ƙara nisa, kuma abin yana ba ni tsoro. Saboda haka in Allah ya sa faifan ya fito da rai, Malam Idi zai gwada shi nan take a rumfarsa. Ina roƙon duk wanda ya zo, in an saka, ya yi shiru. Tsohuwar ba ta ɗaga murya.

Mai sanarwa: Muntari Gwadabe, direba, a madadin lasifiku biyu.