Ranar da Wayata Ta Fara Magana

A kamfanin robar da nake aiki a Sharada, ni ne masanin waya. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina.

Ranar da wayata ta nemi a sabunta manhajarta, muna rumfar mai shinkafa lokacin hutun rana. Malam Sabo, dattijon da ke kula da injinmu, ya ce, "Ka bari ka je gida mana. Tawa da aka yi mata haka, komai ya sauya wuri."

Na ce, "Malam, ai ku ne ba kwa karantawa."

Wayar ta gama, ta jero mini tambayoyi da Turanci. Na yi ta danna amincewa ina gyaɗa kai, alhali ko layi ɗaya ban karanta ba. Na ajiye ta a tsakiyar benci don kowa ya ga ci gaba.

Ashe na ba ta izinin karanta saƙo a fili. Sai ga muryar wata Baturiya, tana tauna Hausa a natse: "Zakina, in ka dawo ka ƙarasa wankin zannuwana. Ka bar biyu a bokiti."

Saƙon matata ne. Ni da nake ba samari lacca kullum a kan riƙon gida.

Na yi ta dannawa, ta maimaita.

Shekara guda ke nan. Har yau in an tashi aiki, Malam Sabo kan ce, "A ba Zaki hanya, bokiti na jira."