Hatimin Malamar Kemistiri

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta yaran makarantar nan ba za su bar ni ba. Gadi nake yi a wata sakandaren 'yan mata a wajen Bebeji. Karatuna na allo ne. Na boko aji uku na yi, mahaifina ya ce gona ta fi.

Ana saura mako abin ya faru, awakin unguwa suka shiga suka cinye shukar firinsifal. Ta kira ni ta ce, "Baba, in ka gaji da aikin ka faɗa. Wani abu ya sake wuce ka, shi ke nan." Na gaji ɗin kuwa, amma gajiya ba ta ciyar da gida.

Ranar Litinin da sassafe ina zagaye, sai na ga wata 'yar takarda manne a bayan tankin ruwa. Baƙi da fari, gida-gida, ba harafi ko ɗaya. Ga wata a kogon darbejiya, ga wata a ƙarƙashin tagar ofishin firinsifal. Wanda ya zauna gaban malaman zaure ya san hatimi in ya gani, kuma abin alheri ba a ɓoye shi a kogon bishiya. Na ce to, wani na son raba matar nan da kujerarta, ni kuma Allah ya kawo mini ranar wanke kaina.

Na bi su duk na ɓamɓare (da hannun hagu, ina karanta Falaƙi da Nasi). Na tsinko ganyen magarya na dandaƙa a bokiti, na yi tofi, na tsoma su na dama har suka koma kamar koko. Guda na bari don shaida.

Sai na jira aka taru a asambuli don kowa ya gani (nan na kashe kaina). Na dire bokitin a gaban firinsifal na ce, "Hajiya, an yi miki aiki, amma na karya shi."

Sai ga Malama Rabi, sabuwar malamar kemistiri, tana haki, 'yan aji shida na biye da ita, har da 'yata Hadiza. Ta leƙa bokitin ta ce, "Innalillahi! Baba, takarduna!"

Ashe wai bitar jarrabawa ce. Ita ta wuni ranar Lahadi tana ɓoye su, yara su nemo, su haska da waya, tambaya ta fito. Ta karɓi shaidar tawa ta haska, ta miƙa wa Hadiza wayar. "Karanta wa Baba asirin da ya karya."

Hadiza kanta a ƙasa ta ce, "Wai me da me ke haɗuwa su zama gishiri."

Makarantar ta ɗauka da dariya gaba ɗaya. Firinsifal har da toshe baki da mayafi. Ni ina tsaye, hannuna duk magarya.

Ba ta kore ni ba. Cewa ta yi in riƙe wa Malama gam in bi ta cikin rana ta manna sababbi, sannan in yi gadinsu. Hadiza kuwa ta roƙe ni, don Allah in an tashi kada in kira ta a bakin get. Sunana ya koma Baba Hatimi har a kasuwa.

Yanzu ko laya na tarar a ƙofar ofis da gashin kura a jiki, ba na taɓawa. Sai na je na tambayi Malama Rabi ko tata ce.