Dokar Baka Mai Kunama

Saleh tela ne ya zo mana da wani wasa daga cin rani a Kano. Kowa ya ɗauki jarumi, a jefa ƙwayar ludo, Saleh yana ba da labari. Wata uku muna yi a fadarmu ta Matameye, inda muke hira da shan shayi, bayan la'asar.

Jarumin abokinmu Habu yana da baka mai kunama, wanda ake ɗanawa kamar bindiga. Kullum shi ke kashe dodo, mu masu bakan gargajiya sai kallo. Abin ya tsaya mini a rai. Da yake ni mushe ne, wato malamin makaranta, na buɗe kaye, littafin rubutuna, na rubuta doka: duk wanda ya harba mai kunama, sai ya zauna zagaye uku yana ɗanawa.

"Mushe, uku bai yi yawa ba?" in ji Saleh.

"Na yi nazari," na ce, na sa hannu.

Habu ya koma bakan gargajiya. Bayan mako biyu jarumina ya tsinci mai kunama na zinariya a kogo. Na yar da bakana na rungume shi.

Sai ga babban dodo. Na harba, na kuskure. Na roƙi sassauci, Saleh ya juyo mini kayen, yatsansa a kan sa hannuna. Zagaye uku ina zaune, dodo ya cinye jarumanmu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya sha shayinsa.

Har yau in aka yi mini sallama na jinkirta amsawa, sai Habu ya ce, "Ku yi masa haƙuri, yana ɗanawa."