Ranar da na ƙwanƙwasa motar Baba

Bayan Inna ta fita takabar Baba, ni aka ɗora wa kai ta Gummi daga Adabka ta gaida 'yan'uwanta. Na ɗauko tsohuwar bas ɗinsa da kaina. Kawu Sani ya ce a nemo direba, na ce ba wanda ya san motar nan kamar ni, don na shekara goma ina zama gefen Baba.

Ba mu yi nisa ba sai jar fitilar baƙin mai ta kama.

"Ɗan nan, tsaya ka duba," in ji Inna.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Na san maganinta."

Na sha ganin Baba yana ƙwanƙwasa gilashin gaban sitiyari sau uku, ya ci gaba da tafiya. Na yi haka. Fitila ba ta mutu ba, sai na ƙara ƙarfi, har da gyaran murya.

Kafin Nasarawa Burkullu inji ya yi ƙara ya tsaya. Bakaniken da aka kira, wanda ya saba gyara wa Baba motar, ya zaro ma'aunin baƙin mai a bushe. Da na yi masa bayani, ya dube ni da tausayi.

"Allurar da ke nuna yawan fetur ce ke maƙalewa. Ita marigayi ke bugawa."

Inna ta rufe baki da mayafi. Na zaci kuka take yi, ashe dariya ce, ta farko tun rasuwar. Bisa babur ta isa Gummi.

Har yau, ko akuya ta ƙi cin dusa, sai Inna ta ce, "Ku kira Injiniya ya ƙwanƙwasa ta."