Rasuwar Shafinmu, Man Gyaɗan Rogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da waya mai cike da shiru, ni Abdulmutalib na Rogo Sabon Gari, a madadin Goggo Talatu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar shafinmu na intanet, wanda aka fi sani da Man Gyaɗan Rogo. Ya rasu bayan doguwar jinya, yana da ƙuruciyarsa.

Ga wanda bai san marigayin ba, a hannuna aka haife shi, shekarar da na gama sakandare na rasa inda zan sa kaina. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure nesa, gidan ya rage daga ni sai ita. Sana'arta matsar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Na jera kwalabenta a jikin katanga na ɗauki hoto, na rubuta sunan garinmu da manyan haruffa saboda alfahari, na sake shi duniya.

Marigayi mai haƙuri ne. Ba ya ƙorafin rana, ba ya tashi daga kasuwa don hadari ya haɗo. Bai taɓa yabon man fiye da yadda yake ba. Ba shi da surutu. Kalma ɗaya ya sani a rayuwarsa, ita yake faɗa idan saƙon mai saye ya shigo: ƙiling. Ko Goggo tana tsakiyar suya, in ya ce ƙiling, sai ta ɗago kai.

Amma ba cinikin ne babban abin da ya yi mata ba. Kullum da safe, bayan na durƙusa na gaishe ta, sai ta ce, "Mutalib, baƙina nawa jiya?" Sai in duba in faɗa mata yawan waɗanda suka leƙo shafin, da garuruwansu. Kaduna, Katsina, Jos, har Maraɗi. Sai ta ce a gaishe mata da su. Gidan da ba a cika sallama a cikinsa ba sai an yi rasuwa, ga shi duniya tana leƙowa. Ta fara ɗaura ɗankwalin unguwa tana zaune a tsakar gida. Ta sa ni sharar ƙofa safe da yamma. Ta shaida wa matan layinmu cewa ita yanzu ba ta rabuwa da baƙi, sai dai ba sa cin abinci.

Ciwon ya fara ne bayan damina. Baƙi suka soma raguwa. Da can, a injin binciken nan da kowa ke tambaya, a shafin farko ake samun marigayi, yana zaune cikin manya. Ya sauka na biyu. Ya sauka na uku, inda ba mai zuwa sai wanda ya yi rantsuwa. Ƙiling ɗin ya koma sai jefi-jefi, daga baya sai in riƙa kiran wayar da ta maƙwabci don in tabbatar tana da rai.

An yi masa magani, Allah shaida. Goggo ta ce bakin mutane ne, ita ta jawo da yawan faɗa. Ta zuba turare a garwashi ta ce in riƙe wayar a kan hayaƙin. Na riƙe. Daga nan na kai shi Karaye wurin Suhaibu, ɗan ajinmu mai shagon kwamfuta. Ya ce hotunan sun yi nauyi, kafin shafin ya buɗe mutum ya gaji ya tafi. Muka rage musu nauyi. Ya ce rubutun ya tsufa, inji ba ya son gidan da ba a motsi. Na rubuta yadda Goggo take zaɓen gyaɗa, da dalilin da ya sa ba ta yarda da wadda ta sha ruwa. Ya ce akwai ƙofofin da in an taɓa ba sa kai mutum ko'ina. Muka gyara. Marigayi ya ɗan farfaɗo, irin farfaɗowar da ake buga wa dangi waya a ce da sauƙi. Sannan ya koma ya kwanta.

A zuwa na ƙarshe ne Suhaibu ya buɗe wurin da ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta kafin a turo su gidanmu, tun daga kwanakin lafiya. Ya fara karantawa da ƙarfi. Yadda ake ƙosan rogo. Garin rogo. Irin rogo mai saurin yi. Shin rogo yana sa ƙiba. Ya tuntsire da dariya har kujera ta kusa kifewa, ya dubi fuskata, ya daina.

"Mutalib," in ji shi, "baƙin Goggo ba garinku suke nema ba. Rogon ci suke nema."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda likita yake yi wa babban ɗa. A da injin bai iya raba Rogo mai hakimi da rogo mai ɓawo ba. Duk mai neman ɗaya sai ya turo shi ɗayan. Su leƙo, su ga kwalaben mai, su juya. Yanzu ya koyi Hausa, yana kai kowa inda ya nufa. Masu neman man gyaɗa na gaskiya kuwa, manyan 'yan kasuwar birni sun tare su tun daga bakin hanya, namu yana can tsaye da sunan da ba ya cewa komai a kan wadda take matsawa. Wato ba shafinmu ne ya kamu da ciwo ba. Injin ne ya warke. Na tambaya ko akwai allura. Ya ce sunan yana cikin adireshinsa, da shi aka haife shi, sai dai a haifi wani.

A hanyar dawowa acaɓa ya ratsa da ni ta gefen gonakin rogo, kore shar. Ban taɓa jin haushin shuka ba sai ranar.

Na tarar da Goggo tana juya gyaɗa a kasko. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta daina juyawa ba. Can ta ce, "Ashe ɓatan kai suka yi." Na ce haka ne. Ta tambaya, to duk gaisuwar da ta aika fa? Na sunkuyar da kai. Gyaɗar ranar ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba a hannunta. Washegari na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi kwanana. Na jira ɗaya tambayar. Ba ta zo ba. A wurina a safiyar nan ya cika. Abin da ya rage rufewa ce.

Marigayi ya bar Goggo Talatu, da ni, da ɗankwalin unguwa da ya koma cikin akwati. Ya bar Hajiya Ummulkhair ta Zariya, wadda ta shigo neman garin rogo ta fita da jarkar mai, har yau kuma ba ta sayen na kowa. Ya bar jariri guda, sabon shafi mai suna Man Gyaɗan Goggo Talatu, wanda baƙinsa ba su cika yatsun hannu ba. Suhaibu ya ce dukkansu mai suke nema, a yi masa haƙuri, zai yi ƙwari. Na faɗa wa Goggo. Ta ce Allah ya raya. Ba ta tambayi daga ina suke ba.

Za a rufe marigayi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a zauren Goggo da ke Rogo Sabon Gari. Ba za a yi masa salla ba tunda ba mutum ba ne. Suhaibu ne zai danna maɓallin rufewa. Masu ta'aziyya su zo da kwalbarsu in suna so. Ana roƙon kada kowa ya kawo rogo, dafaffe ko soyayye.

Za a kwashe komai daga shafin, a bar ƙofa kawai da alama a jikinta. Ni na so a rubuta hanya ɗaya, ta zuwa wurin jaririn. Jiya Goggo ta kira ni ta ce a rubuta biyu. Mai neman mai ya bi nan. Mai neman rogo a ba shi lambar Malam Sulle na Rogo Ruma, shi ne yake nomawa. Ta ce mutane sun daɗe suna sallama a ƙofarta, ko ruwa ba ta ba su ba, balle ta nuna musu hanya.

Ta ce a ƙasa kuma in rubuta: Goggo tana gaishe ku.

Na ce mata ba za su amsa ba. Ta ce ta sani.

Sanarwa daga Abdulmutalib, a madadin iyalan marigayi.